Kawu, mene ne gwanayenka na bana a kallo da karatu da saurare?

"Kawu barka da war haka. Ni ɗalibi ne a poli ta Ƙauran Namoda. Shekara ta zo ƙarshe ina ta ganin mutane suna jera finafinai da waƙoƙi da littattafan da suka fi burge su a bana. Ni kuma wallahi na sha kallo ba adadi, datata ce kawai shaida, amma da na zauna zan rubuta ko guda biyar sun gagare ni tunawa. Matsalar daga kaina take ko daga abubuwan da ake yi yanzu? Yaya ake tantance gwani? Kuma ku da kuke cikin sana'ar, mene ne naku na bana?"

Barka kadai ɗana, Allah shi ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka da kyau abu uku ka cusa cikin tambaya ɗaya: me ya sa ka sha kallo amma kanka ya koma kamar rariya, yaya mutum zai ware tsaba daga tsakuwa, sannan kana son jin nawa. Na ukun shi ya fi sauƙi kuma shi ya fi ƙarancin amfani gare ka, don haka zan bar shi sai can gaba.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne don ka san nauyin da za ka ba maganata. Ni ba malamin jami'a ba ne kuma ban taɓa riƙe kyamara ba. Shago gare ni nan Gusau, na fara da hayar kaset ɗin bidiyo da littattafan Hausa tun jihar ga tana jaririya, ka san a 1996 anka yanke Zamfara daga Sakkwato. Da anka ƙaddamar da shari'a a 1999 gidajen silima sunka rufe, kallo ya koma cikin gida, mu kuma kasuwarmu ta buɗe. Daga kaset munka koma faifan sidi, daga sidi munka koma turi, yau ga ni da kwamfuta biyu da tulin igiyoyin caji, mutum ya miƙo waya ko memori ko filas in zuba mashi. Kusan shekara 30 ke nan ina ganin abin da mutane ke karɓa, da abin da suke dawowa nema, da abin da suke cewa in goge. Wannan shi ne karatuna.

Me ya sa ba ka tuna komai

Kanka lafiyarshi ƙalau, kwantar da hankalinka. Zamanin kaset fim ɗaya kake ɗauka, ka biya kuɗin haya, ka jira a kawo wuta ko a tada inji, gida duka a taru har da ɗiyan maƙwabta a tsakar gida, a kalla, gobe da safe a sake kallo kafin a maido mani don kar kuɗi su tafi a banza. Sati guda ana labarinshi a majalisa da wurin ɗiban ruwa, wanda bai gani ba a ba shi labari har da kwaikwayon murya. To yaya ba zai zauna a kai ba? Kai kuma yanzu kwance kake kan katifa a hostal, waya a hannu, saƙon WhatsApp na faɗowa ta sama, duk inda anka fara waƙa ko dogon surutu ka ja gaba da yatsa, kana gama wannan wani ya hau da kanshi ba ka ma nema ba. Ba ka ba kowa labarinshi ba, ba ka yi gardama da kowa a kanshi ba. Abin da ya shige ka ta haka ba ya barin sawu.

Sai kuma maganar dogon zango, wadda ita ce babba a ganina. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri na mako-mako irin Daɗin Kowa, daga baya a 2020, shekarar kullen korona, irin su Izzar So da Labarina sunka kama kasuwa, kowa ya gane YouTube ita ce sabuwar rumfa. Kafin nan kasuwar sidi ta riga ta mutu, satar fasaha ta cinye ta, kuma ba zan yi maka ƙarya ba mu masu turi muna cikin waɗanda sunka haƙa mata kabari. Furodusa ya rasa inda zai sayar da fim mai ƙarewa a zama ɗaya, YouTube kuma da yawan kallo da talla take biya, kenan in labari ya ƙare kuɗi sun tsaya. Shi ya sa labarin da kashi 10 ya ishe shi sai a ja shi kashi 60, a yi ta zaman falo ana maimaita maganar da anka yi satin da ya wuce, jaruma ta fito daga mota a nuna maka tun daga buɗe ƙofa har shigarta gida. Ko tatsuniya ai sai an ce ƙurungus kan kusu yaro ke tafiya da ita ya ba wani. Kai kana tsakiyar labarai goma sha wani abu, babu wanda ya kai ƙurungus, me za ka tuna?

Waƙa ma haka. Da yawa daga waƙoƙin da kake jin ka sani, daƙiƙa 30 ɗinsu ka sani, gaɓar da ake rawa da ita a TikTok. Yara na zuwa shago su rera mani layi ɗaya su ce Kawu wagga nake so, ba su san sunan waƙar ba ba su san mai ita ba, in na samo na kunna tun daga farko sai su ce ba ita ba ce, sai an kai wurin sannan su yarda.

Hanyoyin da ake bi, da inda kowace ke da rami

Akwai masu barin waya ta ƙirga masu. Spotify ta shigo Najeriya a watan Fabrairu 2021, kuma duk ƙarshen shekara takan fito maka da jerin abin da ka fi ji, YouTube ma tana da irin nata. Abin sha'awa ne amma ba don irinmu anka ɗinka rigar ba. Abin da ka ji ta cikin manhajarsu kawai suke ƙirgawa, mu kuwa rabin saurarenmu daga memori ne, daga Xender ne, daga rediyo mai memori na mai shayi ne, daga lasifikar ɗan acaɓa ne. Ga kuma waya ɗaya ta gida duka. Wani abokin cinikina, dattijo mai gemu, ya zo yana faɗa wai wayarshi ta yi mashi sharri ta ce abin da ya fi kallo a shekara katun ne na yara, ashe 'yar autarshi ce ke ɗauka duk bayan magariba. Ko da ƙirgan ya yi daidai ma, yawan ji daban so daban. Waƙar da kake sakawa kana wanki za ta fi kowace yawa, amma wadda ka ji sau biyu kacal a daren da abu ya dame ka ita ce taka.

Akwai masu bin yawan kallo, wai kaza ya samu miliyan kaza a YouTube don haka shi ne gwani. Wannan yana gaya maka abin da anka yi surutu a kai ne, kuma rigima ma tana kawo kallo, wani shirin don a je a ga abin da ake zagi anka cika shi.

Hanya mafi tsafta ita ce rubutu. Ni littafin haya ya koya mani, don har yau ina da tsofaffin littattafan da nake rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya maido, kuma in na buɗe su ina ganin shekarar gaba ɗaya. Kai ba sai ka sayi littafi ba, duk abin da ka gama ka tura wa kanka layi ɗaya a WhatsApp, suna da abin da ya tsaya maka a rai. Amma wannan maganin baɗi ne, bana ta riga ta wuce. Don bana, ka daina tambayar kanka "me na kalla", ka bi shekarar da yanayi. Lokacin hunturu me kake ji cikin bargo? Da azumi wane tafsiri ka bi, me kunka kalla bayan tarawi? Hutun sallah da ka je gida me anka saka a falo? Da damina ranar da ruwa ya hana fita? Da kaka lokacin bukukuwa wace waƙa ce ta hana ku barci a unguwa? Za ka ga suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, don kai ba da suna yake ajiya ba, da wuri da mutane yake ajiya.

Gwajin gogewa

Amma abin da na fi yarda da shi, ban karanta shi a ko'ina ba, a shago na tsince shi. Ka tuna watan Satumba 2021 da anka rufe sabis ɗin waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, ƙila lokacin kana sakandare. Makonni babu kira babu intanet, mutane har Funtuwa suke tafiya don su buga waya ɗaya su dawo. Mu ma sabon kaya ya yanke mana, sai abin da ke cikin kwamfuta da ɗan abin da yaro zai je can ya kwaso. Amma ban taɓa ganin cika irin ta lokacin ba, don wanda bai taɓa taka shagon turi ba ma ya zo, YouTube ɗinshi ta mutu. Mutum zai miƙo memori mai 4GB ko 8GB a cike maƙil ya ce a zuba mashi abin kallo, kashi ɗaya na shiri mai awa guda kuwa ko an matse shi yana cin 200MB zuwa 300MB, dole sai an yi wuri. Sai in tambaye shi, me zan goge?

Nan nake ganin gaskiyar mutum. Shirin da wata biyu baya yake rantsuwa babu kamarshi, sai ya ce share shi duka ko waiwaye babu. Ina kai kibiya kan wani tsohon fayil mai suna a hargitse sai ya kama mani hannu, a'a Kawu kar ka taɓa wannan. In ka duba me ne? Karatun Alƙur'ani na wani alaramma da yake barci da shi, ko wani tsohon Ibro, ko Ɗanƙwairo, ko Shata, ko bidiyon bikin ƙanwarshi. Wata mata ta aiko ɗanta da takarda, a ƙasa ta rubuta a goge komai ban da wani littafi na odiyo guda ɗaya, ta ja layi biyu ƙarƙashinshi. Tun daga lokacin in an tambaye ni gwanin wane, ba na sauraren bakinshi, memorinshi nake tunawa.

Kuma gwajin bai ƙare da dawowar sabis ba. An cire tallafin mai a watan Mayu 2023, tada inji don kallo ya zama sai an yi shawara, a Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data. Wato kowa yanzu yana zaɓe ko ya sani ko bai sani ba. Kai ma yi haka da gangan: buɗe fayilolin wayarka ka ɗauka an ce dole ka zubar da rabi yau, duk wanda yatsanka ya ƙi dannawa ka rubuta sunanshi. Abin da ba ya cikin waya kuma, kamar littafi na takarda ko wasan ƙwallo da ka gani a gidan kallo, tambayar ita ce wanne ka ba wani aro kuma ka bi sawu har ya maido, wanne ka zauna ka ba wani labarinshi ba a tambaye ka ba.

Sai dai gwajin yana da son kai, in faɗa maka tun kafin ka gano. Yana fifita tsohon abu, don tsoho ya riga ya yi saiwa, sabo kuwa bai samu lokaci ba. Kuma wani fayil ɗin ba so ne ya bar shi ba, mantuwa ce. Don haka ka raba jerinka biyu, na bana da wanda ka koma wa a bana, kuma kar ka saka abin da rabonka da buɗe shi tun bara.

To ga nawa

A talabijin, abin da na koma wa shi ne zangon farko na Kwana Casa'in, shirin siyasar nan na Arewa24 da anka gina kan wata jiha da babu ita a taswira, Alfawa. Na taɓa kallonshi a gutsure ina aiki, bana na zauna na bi shi a jere da dare, kuma abin da ya riƙe ni shi ne yana da inda ya dosa, akwai ranar zaɓe a gaba kuma kowane kashi yana matso da kai kusa da ita. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rabon atamfa da taliya a unguwa zai gane mutanen ciki, har ka riƙa cewa wanga ai wane ne. A gefe guda akwai wani shiri da na bi sama da kashi 40 saboda masu saye na tambayata labarinshi, ba zan kama suna ba, ranar da anka dawo da wanda ya mutu a zango na biyu wai ashe tagwaye ne na rufe, ban sake ba. Na Turkiyya masu takubba da dawaki da anka fassara suna fita sosai a shago, samari na son su, ni dai tsawonsu ya fi ƙarfin idona.

Fim kuwa, za ka yi dariya, Ibro ne. Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba 2014, Allah ya jiƙanshi, amma har gobe babu satin da ba a tambayata shi, direbobi da matan aure da 'yan makaranta da ba su ma san shi da rai ba. Hoton ya dushe, sautin wani wuri sai ka kasa kunne, amma labari ne gajere mai kai da gindi, kuma mutumin ya san yadda talaka ke magana in ya ji yunwa ko ya ci bashi ko ya shigo birni ya rikice. Bana akwai daren da labarin da ya zo daga ƙauyenmu ba mai daɗi ba ne, gida ya yi tsit, ƙaramin ɗana ya kunna wani tsohon Ibro a waya, kafin a jima har uwarsu tana share hawayen dariya. Ba ni da abin da zan gwada wannan da shi a cikin sababbi. Indiya-Hausa kuma, wato fassara irin ta su Algaita, ita ce ta fi komai fita a shagona in ana maganar fim mai ƙarewa a zama ɗaya, musamman na kudancin Indiya masu faɗa. Ina jin daɗin yadda suke saka wa bos baƙar magana irin tamu, amma ka lura da kyau, mutum ya kalla ya ce a goge a zuba wani, da wuya ka ga wanda ya hana a taɓa.

Littafi biyu ne. Na farko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930. Ba ni na zaɓe shi ba, rashin wuta ya zaɓa, wayoyi sun mutu yara sun dame ni sai na jawo shi daga akwati ina karanta masu da tocila, labari ɗaya kowane dare. Abin da ya ba ni mamaki kalmomin da suke tsayar da ni suna tambaya, kalmomin da mu a shekarunsu ba sai an fassara mana ba. Na biyu littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ne kan makaɗa da mawaƙan Hausa, ɗan garin nan ne kuma ya yi wa makaɗanmu hidimar da ba a biya, shi nake buɗewa in ina sauraren tsofaffin waƙoƙi don in san wa ake wa waƙar da kuma asalin mai yin ta.

Littattafan onlayin ban saka su a nawa ba amma kar ka raina su, can kasuwar karatu ta koma. Da mata ne ke cika shagona hayar littattafan soyayya na Kano, yau marubuciya tana sakin shafi-shafi a gurup na WhatsApp, ta ba da farkon kyauta, in labari ya ɗau zafi ta ce sai an biya, wasu kuma a karanta su a murya a ɗora a YouTube mace na girki tana ji. Ciwonsu ɗaya da na dogon zango, jan labari don kar gurup ya watse. In kana son gajeren rubutu da anka tace, nemi labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda anka fara a 2016 don mata marubuta, can dole marubuciya ta ƙare labarinta cikin ƙayyadaddun kalmomi kuma za ka ga bambanci.

Sai waƙa, nan kam ka yi haƙuri zan daɗe. Gwanina na bana shi ne na bara, Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Kai ɗan Zamfara ne ko aƙalla kana shan ruwanta, bai kamata ka gama poli ba ka zauna ka ji shi da kunnen basira ba. Ba jin cikin mota ba, a'a, ka samu dare ka saka abin ji a kunne biyu. Ka bi kotso tukuna, wato gangar da ake mashi kiɗa da ita, yadda yake magana ƙarƙashin waƙar kamar shi ma yana da baki. Sannan ka bi 'yan amshi, don a kiɗan fada irin nasu ba maimaita amshi kawai suke ba, shi zai ɗauko ɗan waƙa ya kai rabi ya sake, su cafe su ƙarasa, wani lokacin su ƙara nasu, ya dawo ya karɓa daidai inda ya dace ba tare da kowa ya taka wani ba. Mutane ne da sunka shekara da shekaru tare, babu situdiyo babu a yanke a sake, in an yi kuskure gaban sarki anka yi shi. Sai kuma zambo da habaici, inda zai yabi ubangidanshi ya juya ya suranta abokin hamayya da kamannin da duk fada an san da wa ake amma bai kama suna ba, wannan fasaha ce da masu zagin juna a waƙar siyasa ta yanzu sunka kasa gadowa, su sai sun ambaci mutum har da unguwarsu. Ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa Sarkin Daura, kuma Hausar da ke bakinshi irin ta kakanninka ce, za ka ji kalmomin da rabonka da su tun kana zuwa ƙauye hutu.

In ya kama ka, ƙofa ta buɗe ke nan. Ga Sa'idu Faru shi ma daga ƙasar Maradun, ga Narambaɗa ta wajen Isa wanda da yawa ke cewa shi ne malaminsu duka, ga Kassu Zurmi da kalangunshi na 'yan tauri, in ka haura Kabi ga Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, ga Gambu da ya yi suna da waƙar ɓarayi, wanda in ka cire abin da yake wa kirari ka saurari sarrafa harshe kawai sai ka riƙe baki. Yankin ga namu ko ba mu da komai muna da wannan.

Ba ina cewa na zamani ba su iya ba. Waƙar Hamisu Breaker ɗin nan ta 2020 da mata sunka yi ta rawa gaban mazajensu lokacin kulle, har yau tana cikin waɗanda ake hana ni gogewa, ta ci gwajin. Matsalata da yawancin waƙoƙin fiyano ita ce kiɗa ɗaya ne ake sake wa riga, murya kuma na'ura ta goge ta har ba ka bambance wane da wane sai an faɗi suna a farko. Kuma in zan faɗi gaskiya kan abin da kunnena ya fi ji a shekara, ba waƙa ba ce ma, tafsirin azumi ne, ni na tsofaffin kaset ɗin Malam Abubakar Gumi nake bi, da shi na tashi ana sakawa a rediyon Kaduna. Duk Bahaushen da ya jera saurarenshi na shekara ya tsallake watan azumi, jerin na nuna wa mutane ne.

Inda maganata ta tsaya

Ka riƙe cewa ta tagar shago nake leƙen duniya. Masu zuwa wurina galibi masu ƙaramar waya ne da masu lissafin data, wanda ke da Netflix da sola a gida ba ya tako ni, don haka abin da ke tashe wurinsu ba ya biyowa ta gabana. Mata kuma yawanci aike suke yi, takarda nake gani ba fuska ba. Ga shekaru, mutumin da ya haura 50 dole kunnenshi ya karkata baya, kuma na san lokacin da muke samari dattawa haka sunka riƙa cewa waƙoƙin finafinanmu shirme ne. In jerinka ya fito babu ko ɗaya daga nawa ba laifi ba ne, in guda uku kacal ka samu ma ka rubuta ukun, kar ka cike da abin da ka ga wasu sun saka.

In kun samu hutu ka biyo ta Gusau ka zo da memori, 16GB ta isa, in zuba maka makaɗan nan da na lissafa. Ka zo da hantsi kafin layi ya yi tsawo. Akwai wata ta Sa'idu Faru da na kwafo daga tsohon kaset, minti biyun farko shuuu kawai za ka riƙa ji kamar ana ruwa kan kwano, kar ka ce wayarka ce ta lalace, ka jira kotso zai shigo.